Madalla da Masu Sallama da Buhun Dala

A mafi yawan duniya, in an kori mutum daga aiki, takarda guda ake miƙa masa, ya kama hanyar gida yana lissafin cefanen gobe. Jami'o'in Amurka sun dubi wannan rashin imani, suka ce su kam ba da su ba. Sai suka kafa wata al'ada ta jin ƙai wadda ya kamata a buga mata tambari: kocin ƙwallon da ya gaza ba zai fita hannu rabbana ba, sai an cika masa aljihu, an cika na 'ya'yansa, an ajiye na jikoki.

Ƙwallon da ake magana ba irin tamu ta ƙafa ba ce. Tasu ce ta Amurka, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, ƙarti sanye da hulunan kwano suna gwabza kawuna. Ɗaliban jami'a ke buga ta, a filayen da wasunsu ke cin mutum sama da 100,000, gidajen talabijin na zuba biliyoyin daloli don su haska ta ranar Asabar.

Sarkin waɗanda aka yi wa wannan alheri shi ne Jimbo Fisher. A ƙarshen 2017 jami'ar Texas A&M ta ɗauko shi daga Florida State kan dala miliyan 75 na shekara goma. Don tsabar kyakkyawan zato, har allon lambar zakaran ƙasa aka ba shi tun bai buga wasa ko ɗaya ba, aka bar gurbin shekara babu rubutu, wai sai ya ci kofin a cike. A 2021, gudun kada wata jami'a ta yi musu ƙwace, suka sabunta kwantiragin zuwa 2031, suka ɗaga albashin ya haura miliyan 9 a shekara. Shekara na zagayowa, wata ƙaramar makaranta mai suna Appalachian State ta zo har gida ta doke su 17 da 14, aka rufe kakar da nasara 5, rashin nasara 7. A Nuwamban 2023 haƙuri ya ƙare, aka sallame shi, washegarin ranar da ya lallasa Mississippi State 51 da 10. Ladan sallamar: fiye da dala miliyan 75. Miliyan 19 cikin kwana 60, sannan kimanin miliyan 7 duk shekara har 2031. Kuma saboda karamci ba ya son sharaɗi, ba a sa a takardar cewa in ya sami wani aikin za a rage ko sisi ba. Mai shara a jihar Texas da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, dala 7.25 a awa, zai yi aikin shekara kusan 5,000 kafin ya tara wannan kuɗi. Gurbin shekarar nan na jikin allo kuwa yana nan fari fat. Kai, sannunku da hangen nesa!

Jami'ar Nebraska ita kuma ta nuna wa duniya cewa mai kyauta ba ya duban kalanda. Kwantiragin Scott Frost ya ce in an kore shi daga 1 ga Oktoban 2022, kuɗin sallamarsa zai sauko daga miliyan 15 zuwa miliyan 7.5. Ranar 11 ga Satumba suka kore shi. Haƙurin kwana 20 kacal ya rage, amma ina! Wa zai tsaya ƙirga miliyan bakwai da rabi alhali Georgia Southern ta ci su a gida? Mutumin ya ci wasa 16, an ci shi 31, ya tafi da cikakken kasonsa.

Jami'ar Auburn ta jihar Alabama ta mayar da abin sadaka mai gudana. A Disambar 2020, ana tsakiyar annobar korona, ta sallami Gus Malzahn da sama da miliyan 21. Wanda ya gaje shi, Bryan Harsin, bai cika kaka biyu ba aka ba shi miliyan 15 ya yi gaba. Hugh Freeze ya biyo layi a 2025 da kwatankwacin haka. Fiye da miliyan 50 cikin shekara biyar, an biya mutum uku don su zauna a gida. A wancan lokaci na korona ne jami'o'i irin su Iowa da Minnesota suka soke ƙungiyoyin tanis da na wasan motsa jiki na maza, suka ce wa yaran aljihu ya bushe. Ai dole a yi tsimi a wani wuri.

A Louisiana ma ba a bar su a baya ba. Ed Orgeron ya ci wa jami'ar LSU kofin ƙasa a kakar 2019, a 2021 aka raka shi ƙofa da kusan miliyan 17. Aka ɗauko Brian Kelly daga Notre Dame, a Oktoban 2025 shi ma aka ce ya isa, kwantiraginsa na ɗauke da alkawarin kusan miliyan 54. Wannan jami'a ce da a 2019 ta kashe miliyan 28 wajen gyara ginin 'yan ƙwallo, har da kujerun da ke miƙewa su zama gado a ɗakin sauya kaya, a daidai lokacin da ɗalibai ke yaɗa hotunan babban laburarensu, ruwa na malala a ƙasan ginin, an lulluɓe kantocin littattafai da leda. To me littafi ya taɓa ci wa jami'a a ranar Asabar?

Masu hassada kan ce wannan almubazzaranci ne. Amsar a shirye take: ba kuɗin gwamnati ba ne, na attajiran tsofaffin ɗalibai ne da na talabijin. Madalla! Ashe akwai attajiran da ke iya haɗa miliyoyi cikin mako guda, muddin korar koci za a yi, ba rufin laburare ko kuɗin makarantar ɗan talaka ba. Kuma a yaba wa dillalan da ke tsara takardun. Jimmy Sexton, wanda ya wakilci Fisher, shi ke wakiltar da yawa daga manyan kociyoyin kudancin ƙasar. In an kori mutuminsa, an biya. In an zo neman magaji, sau da yawa ƙofarsa za a sake ƙwanƙwasawa. Daraktan wasannin da ya sa hannu a kan kwantiragin kuwa ba daga aljihunsa kuɗin ke fita ba, kuma kafin bashin ya nuna yakan riga ya koma wata jami'ar. Ross Bjork, wanda ya tsawaita wa Fisher kuma ya sallame shi, bayan wata biyu Ohio State ta ɗauke shi.

Inda tarbiyyar wannan tsari ta fi fitowa fili shi ne wajen kare yara daga sharrin kuɗi. Shekara da shekaru hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta tsaya tsayin daka cewa ɗan wasa ɗalibi ne, kuɗi zai ɓata shi. A 2010 A.J. Green na jami'ar Georgia ya sayar da rigar wasansa, tasa ta kansa, kan dala 1,000, aka dakatar da shi wasa huɗu. A 2014 Todd Gurley, shi ma na Georgia, ya karɓi kimanin dala 3,000 don sa hannu a kayan masoya, shi ma wasa huɗu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Gwiwar yaro ce ke tsinkewa, kansa ne ke shan karo, mafi yawansu ba za su taɓa kaiwa gasar ƙwararru ta NFL ba, amma an tsare musu ɗabi'a. Sai a 2021, bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan NCAA da bakin alƙalai tara duka, aka bar su su ci kuɗin sunansu. A 2025 aka yarda jami'a ta raba wa 'yan wasanta na kowane fanni, maza da mata, abin da bai wuce kimanin miliyan 20.5 a shekara ba. An sa wa ɗaruruwan yara rufi don kada a yi ɓarna. Kuɗin sallamar koci shi kaɗai aka bari babu rufi, sai dai sama.

Akwai kuma adalcin jami'ar Maryland, wanda harshe ke nauyin faɗa. Ranar 29 ga Mayun 2018, Jordan McNair, ɗan wasan ƙungiyar, yaro ɗan shekara 19, ya galabaita da zafi a wajen atisayen gudu. Bincike ya nuna masu kula da lafiyar 'yan wasa ba su gane abin da ke damunsa da wuri ba, ba su tsoma shi a ruwan sanyi ba, wanda shi ne maganin farko da kowa a wannan sana'a ya sani, kuma an ɗauki sama da awa guda kafin a kira motar asibiti. Ya rasu ranar 13 ga Yuni. Shugaban jami'ar ya fito ya ce sun ɗauki alhakin kurakuran. Hukumar gudanarwa ta mayar da kocin ƙungiyar, DJ Durkin, bakin aiki ranar 30 ga Oktoba. Ɗalibai da 'yan siyasa suka yi caa, washegari aka sallame shi. Da yake ba a kan wani laifi aka rubuta sallamar ba, ya cancanci ragowar kwantiraginsa, sama da dala miliyan 5. Iyayen yaron sun jira har 2021 kafin a sasanta da su kan miliyan 3.5.

Durkin bai daɗe a zaune ba. Ole Miss ta ɗauke shi, daga nan Texas A&M, daga nan Auburn, inda a Nuwamban 2025, da aka sallami Freeze, shi aka miƙa wa riƙon ƙungiyar har ƙarshen kaka.