Yadda za ka saba da na'urar numfashi a Adar, in kuran ya yarda

Ba zan ɓata maka lokaci da yadda ake ɗaura takunkumi a hanci ba. Duk wanda lokotoro ya rubuta wa na'urar CPAP ya riga ya sha wannan wulaƙanci. Shawara ta farko: daina zargin kanka. Cewa ake yi haƙuri ne ya yi maka ƙaranci, alhali Colin Sullivan, da ya fito da ita a Sidni ta Ostareliya a 1981, ɗaki ya gani mai rufaffiyar taga da wutar da ba ta ƙiftawa. Bai san Afrilun Madawa ba, lokacin da kowane mai hankali ke jan tabarmarsa tsakar gida, kai kuwa waya ta ɗaure ka a bango kana jiƙa matashi da gumi.

Ta biyu, wuta. Aikin na'urar shi ne ta riƙa tura iska kada maƙogwaro ya rufe. Kuran na ɗaukewa ƙarfe biyun dare, abin da ya rage a fuskarka roba ce mai wari. Wanda ya ga watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, ya san zancen. Za a ce ka sayi faifan sola da batir. Madalla. Sai dai batir bai kai ka asuba sai ka kashe abin ɗumama ruwan da ke jiƙa iskar na'urar, in ka kashe kuma a hunturu hanci ya tsage. Ruwan ma an ce sai tatacce. Na rijiya farar dauɗa yake bari a gindin kwanon. Sai ƙura! Tun 1975 ake jera dogon yaro a kwarin Majiya wajen Buza, a Keita an ɗauko babban aiki tun 1984, duk don a tare iska da zaizaya, kai kuma an ba ka ɗan soso mai faɗin yatsa biyu wai ya tsare maka huhu. Wallahi wannan rainin hankali ne.

To a jefar da ita mana, tunda kakanninmu sun yi minshari har tsufa? A'a, malam. Ba minsharin ake yaƙa ba, tsayawar numfashi ce, daƙiƙa 10 ko fiye, mai tsanani sau 30 a awa guda, tana jawo hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da gyangyaɗi bisa babur. Kakan da ya gyangyaɗa, jakinsa ya san hanyar gida; babur ɗauke da buhun albasa bai san ta ba. Ko a Amurka, masu inshora awa 4 a dare suke nema, ba har wayewar gari ba, don haka abin da ka samu kafin a ɗauke wuta riba ne.

Ta nawa muke ma? Oho. Sange: zuro mesar na'urar ta ƙasa, ka cusa gefen da kyau. Sauro zai bi ta duk da haka.