Kowane Uba Na Ɗaya Yake Zuwa

Har yau ban haɗu da uban da ya taɓa zuwa na 17 a ajinsu ba. Duk wanda ka tambaya, na ɗaya yake zuwa. Hatta 'yan shirin firamare kyauta na UPE na 1976, lokacin da azuzuwa suka cika maƙil har wasu na karatu a gindin bishiya, kowa na ɗaya ne. Masu zuwa na ƙarshe kuwa, da alama Allah bai ba su haihuwa ba.

Ni ma da wannan taƙamar nake cin tuwo a gidana, har daren da ɗana ɗan aji huɗu ya dire mini littafin lissafi a cinya. Ashe tun la'asar uwarsa ta sallame shi da cewa, "Bari Abbanku ya dawo, ai shi gwani ne." An ce a tara 1/3 da 1/4. Na gyara zaman hula, na haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na ce rubuta 2/7.

"Abba, Anti ta ce sai an fara daidaita na ƙasan, su koma 12."

"Kai, mu a zamaninmu ba ma wannan dogon zagayen."

Washegari ya dawo da ƙaton ƙwai na jan biro, an rubuta 7/12 a gefe. Malamar ta kuma aiko shi da saƙo: tana gaida wanda ya taya shi.

Sai na sa ido, na ga ashe muna da yawa. Akwai uwar da ke yin aikin da hannun hagu don rubutun ya yi kama da na yaro. Akwai zauren iyaye na WhatsApp, inda ƙarfe 11 na dare za ka ga manyan ma'aikata na roƙon juna amsar tambaya ta biyar. Akwai kuma magidancin da ya haddace 'yan wasan Arsenal har da na benci, amma a tambaye shi ajin 'yarsa sai ya ce bari ya kira gida. Shi ya biya malamin lesin, ya fita haƙƙi.

Makarantun kuɗi ma ba su bar mu mun huta ba. Ɗan shekara shida, wanda bai iya ɗaure igiyar takalmi ba, a ce ya ƙero gidan sama da kwali kafin Litinin. Kafintan layinmu ya samu sabuwar kasuwa. Ga shi yaron ya taso boko, ya zarce lesin, ya wuce Islamiyya, bai shigo gida ba sai dab da magariba, idonsa ya yi jawur.

Wadda ta ba ni kunya maƙwabciyarmu ce mai ƙosai, da ba ta taɓa taka aji ba. Tsakanin magariba da isha'i takan kashe talabijin, ko da Labarina ake yi, ta shimfiɗa tabarma tana gyaran wake, yaran na gefe da littattafai. Ba ta ba da amsa, don ba ta da ita. Abin da kawai take cewa shi ne, "Karanta in ji," sai "Yi mini bayani da Hausa." In yaro ya kakare, ta ce ya bar wurin haka malam ya gani. Kuskuren da malaminsu ke gyarawa nasu ne. Tamu malamar kuwa ta shafe zango guda tana gyara nawa.

Ranar Juma'a Hajiya, mahaifiyata, ta zo mana yini, ta ji ina yi wa yaron faɗan ya zo na tara alhali ubansa bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Ta ajiye carbi, ta dube ni.

"Wane na ɗaya, ɗan nan? Takardun sakamakonka suna nan a ƙasan adakata."

Yaron ya ce Asabar zai je ya kwana wurinta. Ni kuma tun da asuba na riga shi zuwa, da ƙullin goro da turmin atamfa.