Ranar da Famfon Mai Ya Fara Ɗiga

Ɗan ƙaramin abu ne a gindin tanki, amma in kana son sanin halin mai babur, jira ranar da famfon mansa ya fara ɗiga. Wata 'yar roba ce mai huji a cikinsa. In ta bushe ta tsage, sai fetur ya riƙa tsiyaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗigon nan ya daina zama wasa.

Akwai Alhaji Sa-Sabo. Ko sauka daga kan Bajaj ɗinsa ba ya yi. A ɗauko na kwali mai sheƙi, bayan sati uku ya fi tsohon zuba, ya dawo ya ce a sa wani.

Shi kuwa Malam Na-Iya, duk bakanike ɓarawo ne a wurinsa. Ranar Asabar zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya kwance komai, ya yanko tsohon tub da reza, ya huda shi da ƙusa mai zafi, yana yi wa yara bayani kamar malamin jami'a. Da la'asar an haɗa, noti ɗaya ya yi saura, ya ce dama kamfani ne ya yi almubazzaranci. Robar tub kuwa ba ta jure fetur, kumbura take yi ta toshe hanya. Washegari ga shi yana turi, yana tsine wa 'yan bumburutu wai sun sayar masa da ruwa.

Wani kuma sabulun wanki kawai zai shafa, ya ɗaure da leda, ya ce Allah ya tsare.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda nasa ya maƙale a rizab. Bututu biyu ne a famfon: dogon ne ke shan mai a kullum, gajeren na ranar wahala. Shi ya cinye ranar wahalarsa tun bara. Mai ba ya yi masa sallama. Tsakanin gari da gari za ka tarar ya kwantar da babur, ya kafa baki a tanki yana hurawa, kumatu kamar na mai algaita.

Ni ma nawa wata biyu ke nan yana ɗiga. Kullum da dare nakan ajiye gwangwanin madara a ƙarƙashinsa, da asuba in juye a tanki. Jiya akuyar maƙwabci ta shure shi.