Kyautar Doki Sai da Harawa

Ƙanena ya aiko wa ɗana da PlayStation 5, na'urar wasan nan da kamfanin Sony ya fitar a 2020. Na yi ta sa masa albarka, ashe baƙo mai ci ya sauke mini a falo.

Yaro ya ce, "Baba, sai an haɗa ta da intanet." Na ce wannan ai kamar shan ruwa ne. Na buɗe masa datar wayata, ya lalubo Wi-Fi a saiti, na shiga rubuta kalmar sirri da abin dannawa, harafi ɗaya-ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sau uku ina kuskure, yaro na ƙunshe dariya.

Da ta haɗu, sai ta ce ba ƙwallo sai ta sabunta kanta. Muka zuba wa allo ido, abu na tafiyar hawainiya. Muna kashi 60 datar wata guda ta ƙare. Na sake saye. Muna kashi 90 aka ɗauke wuta. Na tada janareta, fetur ya bi sawun data.

Bayan lisha aka kammala. Na ce to bismillah, a kara da mutanen duniya. Yaro ya sosa ƙeya: "Baba, wannan kuma sai an biya kuɗin PlayStation Plus."

Uwarsa ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ita dai dara ramuka ne da tsakuwa."

Jama'a, duk wanda aka ba kyautar doki, ya fara tambayar farashin harawa.