Adalci Tsakanin Waifa Biyu

Sanannen abu ne ga duk wanda ya taɓa riƙe mota a ƙasar Hausa cewa robar waifa ba ruwan sama ke kashe ta ba, rashinsa ne. Domin tun daga ɗaukewar damina a watan Oktoba har zuwa saukar ruwan fari tana kwance a kan gilashi, hunturu yana busar da ita, ƙura tana cin bakinta, zafin bazara yana ƙarasa abin da ya rage, ta yadda ranar da bukatarta ta taso sai ta miƙe tana ƙugi, tana kwasar taɓo daga wannan kusurwa tana kai shi waccan. Wannan hali ne ya sami tsohuwar akori-kurata, Toyota Hilux, wadda nake jigilar taki da masara da ita tsakanin Kano da gonata ta wajen Bichi. Ni kuwa na ƙudurta a raina cewa mutumin da ya yi shekaru yana warware mas'alolin rabon gado, har alƙalai suna aiko masa da tambaya, bai kamata a gan shi gurfane gaban bakanike saboda ƴar roba ba.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, yaron shago ya tare ni da ladabi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, inci nawa? Ta direba ta fi ta fasinja tsawo fa."

Na dube shi duban tausayi, na ce, "Yaro, wanda yake da mata biyu, idan ya je sayen zane, yakan ce a rage wa ɗaya yadi?" Ya rasa hujjar da zai kawo, sai ya sosa ƙeya ya miƙo mini mafi tsawo guda biyu, masu inci 26, na biya na fito ina mai gamsuwa da ƙiyasina.

Hannun waifa, ga wanda bai taɓa tadabburinsa ba, ƙarfe ne mai lanƙwasa a kai kamar yadda ake yin ƙugiya, kuma a ƙarƙashin mahaɗinsa akwai wani ɗan harshe wanda idan aka danna shi, aka zame waifar zuwa ƙasa, sai ta fita salin-alin. Wannan ilmi ya riske ni ne daga baya ta hanyar ruwaya. A ranar dai ijtihadi na yi da filaya da sukundireba, ina ja tana turjewa, ina murɗawa tana ƙara ƙanƙamewa, har almajiran ƙofar gida suka ajiye alluna suka kewaye ni, kowa yana ba da fatawa. Da ta ga dama ta fita, sai na saki hannun don in share gumi, alhali kuwa a gindinsa akwai sifirin wanda ba shi da wani aiki a duniya illa ya mayar da ƙarfen kan gilashi da iyakar ƙarfinsa, wanda saboda shi ne masu sana'ar suke shimfiɗa tsumma ko kwali kafin su taɓa kome. Sai ji na yi tas! Ga tauraro ya fito daidai inda idon direba yake sauka.

Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, shi ma adon nan yana cikin kuɗin da ka biya?" Ban tanka mata ba, don abin da aka ƙaddara ba ya bukatar sharhi.

Sababbin kuwa suka shiga ba gardama, kowace da kyakkyawan baki rawaya mai sheƙi, abin da na ɗauka alama ce ta inganci.

Ranar jarrabawa ta zo cikin markar watan Agusta, muna kan hanyar Katsina ni da ɗana, mun wuce Dawanau kaɗan, sama ta ɓalle. Na murɗa makunni da natsuwar wanda ya san abin da ya shuka. Suka tashi tare, suka haɗu a tsakiyar gilashi, suka sarƙe da juna, injinsu ya yi gurnani, fiyus ya ƙone, aka bar su tsaye cirko-cirko. Muka sauka cikin ruwa muka raba su, muka cire ta fasinja, muka ɗaura igiyar buhu a hannun ta direba, bakin igiya ɗaya ta tagata, ɗaya ta tagarsa. Na tuna cewa wata mata Ba'amurkiya, Mary Anderson ta jihar Alabama, wadda ta yi rajistar wannan na'ura a 1903, ita ma da hannu ake juya tata daga cikin mota, don haka na bayyana wa yaron cewa komawa muka yi ga asali. Shi dai cewa yake, "Ja, Baba! Saki, Baba!" ruwa yana kwararowa ta hannun riga har cikin aljihu, gilashin kuwa, duk da wannan mujahada, bai ƙara haske ko ƙwayar zarra ba.

A Bichi wani dattijon bakanike ya sauya fiyus cikin ƙiftawar ido, ya ɗauko gajeriyar waifa ya sa wa fasinja, sa'an nan ya kama bakin nan rawaya da yatsu biyu ya zare shi tun daga sama har ƙasa, sai ga baƙar roba sabuwa fil ta bayyana.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ai kube ne, cire shi ake yi."

Na ce masa mas'ala ce mai saɓani, amma ba zan ja da shi a gaban yaro ba. Ya ce ya gode da wannan karamci, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan tauraron, wanda a lokacin ya riga ya fitar da wutsiya har gefen fasinja, ya tambaye ni ko gilashin ma ni zan sauya da kaina, don ya san ranar da zai shigo Kano kallo.