Yadda Malam Andifain Ya Kwashe Takin Ƙananan Hukumomi Uku

Wata ƙungiyar manoman masara ce ta ba ni aikin haɗa manhajar rabon taki ga 'ya'yanta na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A kwamfutata, kan rumbun MySQL, komai tsaf. Ana gobe taro abokin aikina ya kwashe bayanan zuwa PostgreSQL, wai ya fi ƙarko. Na ce madalla, na aika a goge mini shadda.

Aka hallara, aka haska bango. Layin farko: undefined, buhu 2. Na biyu: undefined, buhu 4. Haka har ƙasa.

Shugaba ya gyara zaman tabarau. "Yaro, wane ne wannan Andifain? Ɗan gidan wa?"

"Ranka ya daɗe, ai ba mutum ba ne."

"Ba mutum ba, kuma ya cinye mana taki?"

Wani dattijon Sabuwa ya rantse ba nasu ba ne, a tuhumi Faskari. Na Faskari suka ce irin wannan haɗama sai Ƙanƙara. Wani ya tambaya ko an sake katse sabis ɗin waya ne kamar a 2021. Ni kuwa gumi har cikin hula.

Ashe harafi biyu suka tada ƙurar. Ginshiƙin sunaye na raɗa masa SunanManomi. MySQL ya riƙe shi yadda na rubuta. PostgreSQL kuwa, muddin ba ka kulle suna cikin alamar zance ba, sai ya mayar da shi ƙananan haruffa: sunanmanomi. Da Oracle ne, manya zai mayar da su duka. JavaScript ɗin manhajar ya je neman mai babban S da babban M, bai samu ba, kuma bai yi ƙorafi ba, ya dawo da undefined abinsa. A wajensa babban S lamba 83 ne, ƙaramin 115, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ginshiƙin buhu ya tsira ne don tun asali ƙananan haruffa ne.

Na gyara nan take, sunaye suka fito, amma shugaba ya sa magatakarda ya ƙirga buhunan sito, don ba a sani ba.

Ɗan'uwa mai rubuta manhaja, sa sunayen ginshiƙanka da ƙananan haruffa, ka raba su da ɗan layin ƙasa: sunan_manomi. Kuma ka gwada a rumbun da za a yi aiki da shi kafin ka tara dattawa.