Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Benen Grenfell

Ya kai benen Grenfell,

Na rubuto maka ne da zuciya mai nauyi, domin tun watan Fabrairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta yanke shawarar sauke ka hawa bayan hawa. Kafin ka ɓace daga sararin samaniyar yammacin Landan, akwai maganar da ya kamata a faɗa a gabanka.

An kammala gina ka a 1974, hawa 24, a ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, inda attajiran duniya ke sayen gidaje su kulle su tafi. Kai kuwa gidan talakawa ne. Kafin gobarar 2017, a cikinka akwai 'yan Maroko da Sudan da Iritiriya da Habasha da Siriya da Gambiya, tare da Turawa masu ƙaramin ƙarfi. Mutane ne masu sammakon neman halali, suna biyan haya, suna tarbiyyar 'ya'yansu.

Daren 14 ga Yuni 2017, cikin watan Ramadan, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu. Da gini lafiyayye ne, da a ɗakin za ta mutu. Amma kwaskwarimar da aka yi maka a 2015 zuwa 2016 ta lulluɓe ka da falankan alminiyam masu roba a ciki, waɗanda aka zaɓa don a rage kuɗi kusan fam dubu 300. Wutar ta bi su ta haye sama cikin mintuna. Matattakala ɗaya tal gare ka, ita ma hayaƙi ya toshe ta. Waɗanda ba su runtsa ba saboda sahur su suka bi ƙofa-ƙofa suna bugawa, suna tayar da maƙwabta. Duk da haka mutum 72 suka rasu, 18 daga cikinsu yara. Allah Ya jiƙansu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanenka sun yi kuka tun da wuri. A watan Nuwamban 2016 ƙungiyar mazauna ta yi gargaɗi a rubuce cewa sai an yi mummunar asarar rayuka kafin a waiwaye su. Kukan kurciya jawabi ne, amma hukumar da ke kula da kai a lokacin ta ɗauke su masu neman fitina.

Rahoton ƙarshe na kwamitin binciken gobarar ya fito a watan Satumban 2024. Ya tabbatar cewa duk mutuwar nan abin da za a iya kauce wa ne, kuma kamfanonin da suka ƙera kayan sun yi ha'inci da gangan. Ya ce bai ga shaidar cewa wariyar launin fata ce ta sa aka zaɓi kayan ba, sai dai ya nuna an yi sakaci da Musulman da suka tsira, har abincin halal bai samu ba a wasu otal-otal ɗin da aka sauke su, alhali suna azumi. To amma wa ya tara baƙi da baƙaƙen fata a gidaje irinka? Alƙaluman gwamnati na 2016 zuwa 2019 sun nuna kashi 24 cikin 100 na iyalai 'yan asalin Bangaladash a Ingila suna zaune a cunkushe, baƙaƙe 'yan Afirka kashi 16, fararen Birtaniya kuwa kashi 2 kacal.

Kuma ba a ɗauki darasi ba. A watan Disamban 2020, a garin Rochdale, yaro ɗan shekara 2, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu saboda funfuna da danshin ɗakinsu. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙara, masu gidan kuwa suka ɗora laifin a kan yadda iyalin ke rayuwa. Sai da yaro ya mutu aka yi dokar da ta tilasta gaggauta gyara.

Lokacin da rahotonka ya fito, shekara 7 bayan gobarar, babu kamfani ko jami'i ko ɗaya da aka gurfanar a kotu kan waɗannan rayuka. Saboda haka ina kira ga hukumomin Birtaniya: ku hukunta masu laifi, ku cire irin waɗannan falanka daga sauran gine-gine, kuma idan ɗan haya ya kawo kuka, ku saurare shi ba tare da duba launinsa ko harshensa ba. Rushe bene ba ya biyan haƙƙin mutum 72.

Wassalam,
Mai taya iyalanka alhini.